Ranar Da Kwamfuta Ta Ce Ba Ta San Yayana Ba

Ƙarfe biyu na dare ya gota, ina zaune a ɗakinmu na makaranta ina fama da rubutun furojet, sai ga kiran Yaya. Da ma haka yake yi, don tsakaninmu da jihar Arizona ta Amurka awa takwas ce, lokacin da ya tashi daga aiki mu nan an yi nisa da barci. Amma daga sallamarsa na san ba lafiya ba.

"Ƙanena, kada ka gaya wa Hajiya," in ji shi. "Kwamfuta ta ce bayanaina ba su yi daidai ba."

Dariya ta kusa ƙwace mini. Mutumin da ya gama digiri na biyu a injiniyanci, ga biza, ga takardar izinin aiki a aljihunsa, wace kwamfuta ce za ta yi masa gardama? Sai da ya yi mini bayani jikina ya yi sanyi.

A Amurka, tun 1986 doka ta wajabta wa duk mai ɗaukar ma'aikaci ya cike fom mai suna I-9, ya duba takardun da ke nuna mutum yana da izinin aiki a ƙasar. Daga baya aka kawo tsarin intanet da ake kira E-Verify. Kamfani zai shigar da sunanka, ranar haihuwarka da lambarka ta Social Security cikin kwana uku na aiki da farawarka, kwamfuta ta gwada su da abin da ke rumbun gwamnati. A jihohi da yawa ganin dama ne, amma Arizona ta tilasta wa kowane kamfani tun 2008, kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta amince da dokar a 2011. Florida ma ta bi sahu a 2023 ga kamfanonin da ke da ma'aikata 25 zuwa sama.

Idan bayanai suka dace, shi ke nan, cikin daƙiƙoƙi an gama. Idan ba su dace ba, sai a ba ka takardar sanarwa. Kana da kwana goma na aiki ka faɗa ko za ka ƙalubalanta, sannan kwana takwas ka tuntuɓi hukuma. A wannan tsakanin doka ta hana a kore ka. In ka yi shiru kuwa, kamfani na da damar sallamarka. Shi Yaya nasa ya fi haka tsanani, don izinin da ake ba ɗalibi bayan kammala karatu bai yarda ya wuce kwana 90 ba aiki ba.

Ni kuma abin da ya faɗo mini a rai, wallahi ba zan ɓoye ba, kuɗin makarantata ne da maganin hawan jinin Hajiya. Duka daga wannan albashin ake sa ran su fito.

Mako guda muka yi a haka. Ina shiga aji jikina na nan, hankalina na can. Hajiya ta tambaye ni ko azumi nake, don ta ga na rame.

Da aka bi diddigi, ka san me ya jawo? Sunan da Yaya ya rubuta da hannunsa. Mu a gida sunan kakanmu muke sawa a ƙarshe, haka aka san mu tun firamare. Amma a fasfonsa sunan Baba ne a gurbin sunan iyali, kuma da fasfon aka yi masa duk katunansa na can. Da ya zo cike fom, hannunsa ya rubuta abin da ya saba. Ya karanta sanarwar ya fi sau biyar bai ga kuskure ba, don a wurinsa ai sunansa ne. Sai da ya je ofis aka jera masa takardun biyu gefe da gefe. Aka gyara, aka sake shigarwa, kwamfuta ta yarda.

A daren da ya kira da albishir, na ɗauko jakar takarduna na baje su kan katifa. Takardar firamare, sakamakon WAEC, katin NIN, takardar shiga makaranta, bayanan BVN. Jama'a, mutum uku na tarar a jakar nan. Sunan Baba a wata takarda Muhammad, a wata Mohammed, a wata kuma Muh'd. Ranar haihuwata biyu ce, don yaron da ya yi mini rajistar jarrabawa a shagon kwamfuta bai tambaye ni ba, ya sa 1 ga Janairu, ni ma ban duba ba.

Mun tashi a inda ake cewa "ai ɗan gidan Malam wane ne", magana ta ƙare. Mai unguwa ya san ka, liman ya san ranar sunanka. Kwamfuta ba ta san wannan ba. Ba ta jin rantsuwa, ba ta karɓar shaidar maƙwabci, harafi take dubawa. Ina ganin akwai rashin adalci a ciki, don mu masu sunayen da ake rubutawa iri uku da boko mu muka fi faɗawa tarkon, ba tare da mun yi laifin komai ba. Amma ƙorafina ba zai canja komai ba, kuma abin ya riga ya iso mu. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, banki ma ba ya sakin asusun da sunansa ya saɓa da BVN. Gobe wurin ɗaukar aiki ne.

Satin da ya wuce na je kotu na yi takardar rantsuwa, na fara neman gyaran sauran. Akwai layi, akwai kashe kuɗi, akwai "dawo gobe". Duk da haka ya fi sauƙi yanzu da nake ɗalibi, a kan ranar da za a ce ga aiki amma sunanka bai dace ba.

'Yan'uwana da za mu fita bana, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yau da dare ka baje takardunka, ka karanta su harafi bayan harafi. Ni dai na zaɓi rubutun da ke katin NIN ɗina, na kuma gaya wa ƙannena biyu da za su yi rajistar WAEC baɗi cewa da ni za a je shagon.