Daren da Ƴar Baƙa Ta Haihu

A gidanmu da ke bayan garin Zariya muna da karya mai gadi, wadda yara suka laƙaba wa suna Ƴar Baƙa. Shekara uku tana kwana a bakin garken awakinmu, kuma ko ɗan akuya ba mu taɓa rasawa ba. Da cikinta ya fito a hunturun bara, sai na ga ashe ban san abin da zan yi mata ba idan naƙuda ta zo da tsakar dare.

Na nufi wurin likitan dabbobi. Ya gaya mini cewa cikin karya yakan kai kwana 63, ko da yake yana iya gazawa ko ya ɗara da ƴan kwanaki. Ya ce in riƙa auna zafin jikinta ta dubura safe da yamma a makon ƙarshe. Zafin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39, idan kuwa ya sauka zuwa 37, haihuwa takan zo cikin awa 24. Da zan tafi ya ce, "Malam, aikinka na ido ne da agogo. Kada ka sa hannu sai ta gaza."

Saura mako guda na share ɗakin ajiya, na shimfiɗa kwali da tsofaffin zannuwa domin ta saba da wurin. Na tanadi safar hannu, da tawul, da zare, da sabuwar reza, da fitila. Inna tana kallona tana girgiza kai. A ganinta kare najasa ne, wurinsa waje.

Ranar wata Laraba da safe ma'auni ya nuna 37. Ta ƙi cin abinci, ta yi ta haki, tana tonon shimfiɗa tana kai da komo. Wannan shi ne matakin farko, wanda kan ɗauki awa 6 zuwa 12, kuma babu abin da ake yi a cikinsa sai a ba ta ruwa, a kori yara, a rage hayaniya. Ƙarfe ɗaya na dare ta fara yunƙuri. Kafin minti 20 kwikwiyo na farko ya faɗo a cikin jakarsa. Ta fasa jakar da haƙori, ta datse cibiya, ta yi ta lasarsa har ya yi kuka. Na biyu da ƙafafun baya ya fito, gabana ya faɗi, sai na tuna likita ya ce haka kwikwiyoyi da yawa ke zuwa, ba matsala ba ce. Ina rubuta lokacin fitowar kowanne, ina kuma ƙirga mabiyiya, domin wadda ta maƙale a ciki tana iya ruɓewa ta jawo mata zazzaɓi.

Bayan na huɗu sai ta kwanta shiru. Awa ɗaya ta wuce, da rabi. Na miƙa hannu zan danna cikinta, sai na ji murya a bayana: "Kai, bar ta ta huta. Mai naƙuda ba a yi mata gaggawa." Inna ce, riƙe da kaskon garwashi. Ta ajiye shi a bakin ƙofa, nesa da shimfiɗa, ta bar taga a buɗe saboda hayaƙi. Matan unguwarmu da yawa a hannunta suka haihu, ta san sanyi ne babban abokin gaban jariri. Haka abin yake ga kwikwiyo, domin a kwanakin farko jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi da kansa.

Na biyar ya zo daf da asuba, uwar kuwa ta galabaita, ko kallonsa ba ta yi ba. Yana kwance cikin jaka ba motsi. Na yaga jakar daga wajen fuska, na goge masa hanci da baki, na ɗan sunkuyar da kansa ƙasa, na shiga murza bayansa da tawul. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Can sai ya yi wani ɗan tari, ya buɗe baki. Na ɗaure cibiyar da zare kamar faɗin yatsu biyu daga cikinsa, na yanke ta gaban ƙullin, na kai shi kan nono. Dakashin ranar farko shi ne garkuwarsa daga cututtuka. Inna ta ce, "Alhamdulillahi, rai dai rai ne." Ta tuna mini da mutumin da aka ba mu labari a hadisi, wanda Allah ya gafarta masa saboda ya shayar da kare ruwa.

Mu dai mun yi sa'a ba mu kai ga kiran likita ba, amma lambarsa tana hannuna dare farai, kuma ya riga ya gaya mini inda ya kamata in daina jira. Idan karya ta yi minti 30 tana yunƙuri mai ƙarfi ba abin da ya fito, ko ta wuce awa biyu alhali akwai saura a ciki, ko koren ruwa ya zubo kafin kwikwiyon farko, ko jini ya ƙi tsayawa, a kira likita nan take. Kada a yi mata allurar naƙuda a gida, domin idan kwikwiyo ya tokare hanya, mahaifa tana iya fashewa. A makonnin shayarwa kuma, idan ta fara karkarwa ƙafafunta suna sandarewa, sinadarin kalsiyam ne ya yi ƙasa a jininta, kuma yana kisa cikin sa'o'i.

Lafiyar mutanen gida ma tana cikin lissafi. Na wanke hannu da sabulu, na ƙona shimfiɗar, na hana mai ciki da ƙananan yara taɓa ruwan haihuwar. Kwikwiyoyi sukan ɗauko tsutsar ciki tun daga mahaifa, kuma tana kama yara, shi ya sa muka fara ba su magani suna da mako biyu. Da suka cika wata uku aka yi musu rigakafin ciwon haukan kare.

Huɗu mun bayar ga maƙwabta masu garke. Na biyar ɗin yana nan, kuma Inna ce ke ajiye masa ƙanzo, ko da yake har yau ba ta yarda ya taka tabarmarta.