ALƘAHIRA: Garin Da Ke Farkawa Bayan Magariba

Duk baƙon da Allah ya nufa da sauka Alƙahira, babban birnin Masar, yakan ƙosa ya ga dala tun bai kwance kayansa ba. To, ba laifi. Dalar Fir'auna Khufu da ke Giza ta haura shekara 4,500 a tsaye, tsawonta kuwa lokacin da aka gama ta mita 146 ne. Amma a yi sammako kafin rana ta take, kuma kada a hau raƙumin kowa sai an gama ciniki, har da ladan saukowa, don masu raƙuman wurin bakinsu ya fi zuma. Nan kusa ne aka buɗe sabon babban gidan tarihi cikin watan Nuwamba 2025, inda aka tara dukiyar Tutankhamun. Gawawwakin Fir'aunoni kuwa tun 2021 aka mai da su wani gidan a unguwar Fustat.

Sai dai waɗannan duk kayan matattu ne. Hada-hadar masu rai tana tsohon gari, shi kuwa ba ya cika sosai sai an yi magariba.

Ya kamata baƙo ya fara da Masallacin Azhar, wanda Faɗimiyyawa suka aza harsashinsa a shekarar 970. Mutanenmu sun daɗe da sanin hanyar wurin, don tun zamanin da akwai masaukin almajiran Barno a cikinsa, yau ma ba wuya mutum ya ji ana Hausa a harabar. In ya fito ya ƙetare titi, ga Masallacin Sayyidina Husaini, ga kuma kasuwar Khan el-Khalili da lungunanta masu ɓad da baƙo, cike da turare da fitilun tagulla da tazbaha. Kuɗin da ɗan kasuwa ya fara faɗi sallama ce kawai. Wanda ya biya bai taya ba ya yi sadaka ne bai sani ba.

Cikin wani lungu na kasuwar akwai gidan shayin Fishawi, wanda ya haura shekara 200, ga manyan madubai sun dushe don tsufa. Nan marubucin nan Najib Mahfuz, wanda ya sami lambar Nobel a 1988, ya kan zauna. A nemi shayi da na'ana'a, ko abin da suke kira karkade. Kada sunan ya ruɗi kowa, zoborodo ne, sai dai su har da zafinsa suke sha. Wanda hayaƙin shisha ke damunsa ya kurɓe ya yi gaba, don wurin a matse yake.

Batun abinci kuwa, sarkinsu koshari, watau shinkafa da taliya da wani ɗan mitsitsin wake, a zuba miyar tumatir da tafarnuwa, a barbaɗa soyayyiyar albasa. Gidan Abu Tarek da ke tsakiyar gari ya yi suna da shi, kwano ɗaya kuma ya ishi ƙato. Da safe sai ful, dafaffen wake da mai, tare da ta'amiyya, wadda in ba don koren ganyen da ke cikinta ba sai a ce ƙosai ce. Mai 'yan kuɗi a aljihu ya nemi gidan Farahat a gefen Azhar, ya ci tattabara da aka cusa wa shinkafa. Wannan kam ta cancanci kuɗinta.

Mashayar barasa akwai, galibi a manyan otal-otal na bakin Kogin Nilu da unguwar Zamalek, amma yawancin mutanen gari wajen masu matsar rake suke kashe ƙishirwa, a tsaye, kafin kumfar ta kwanta. Daga nan sai a gangara bakin kogi a yi hayar kwalekwale mai filafilai na awa guda. Nan ma a gama ciniki kafin a sa ƙafa.

Wajen komawa masauki, jirgin ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a 1987 ya fi tasi sauri da araha, akwai kuma taragun da aka keɓe wa mata a tsakiyarsa.