Shukar da Na Jinkirta

A nan Tunuga, ƙasar Gaya, damina kan riga yawancin sassan Nijar sauka, kuma ko yaro ya san in ƙasa ta jiƙa da dare, da safe sungumi ake ɗauka. Ni ma na sani, na ƙi, laifin kuwa nawa ne ni kaɗai.

Ruwan shuka ya sauka daren 24 ga wata. Tun ina ƙarami nake jin tsofaffi na lissafa kwanakin nahisa: 3, 5, 13, 16, 21, 24 da 25. Ba a tafiya, ba a ɗaura aure, ba a soma aiki. Da asuba ƙanena ya shigo da ƙwaryar iri, ya ce, "Yaya, laimar nan ba za ta kai jibi ba." Na daka masa tsawa, na ce a bari nahisa ta wuce. Kafin ta wuce rana ta busar da ƙasa. Shukar maƙwabta ta tsiro, mu muna zaman jiran wani ruwan, ya kuwa yi nisa. Hatsinmu bai gama ido ba damina ta ɗauke. Tun kafin bazara rumbu ya ƙare, na koma awo a kasuwar Kamba da kuɗin awakin matata.

Lissafi biyu na cakuɗa. Akwai na taurari, wanda malamanmu suka daɗe suna yi wa manoma: taurari 28, kowane kwana 13, Jabaha ce kaɗai mai 14, jimla 365. Wannan tafiyar rana yake bi, shi ya sa Haƙa'a da Han'a da Zira'a da Nasara ke dawowa kowace shekara a lokacinsu, manomi ya san inda damina ta kai. Ilimi ne, ban raina shi ba. Nahisa kuwa kwanan wata take bi, babu ruwanta da hadari ko laima.

Ba mu kaɗai ke wannan tsoro ba. Mabiya addinin Hindu a Indiya na da kalandar Panchang, wadda ke raba yini kashi takwas, ta ware kashi ɗaya, Rahu Kalam, da ba a son soma sabon abu a cikinsa. Ranar Litinin yakan faɗo wajen 7:30 zuwa 9:00 na safe. Nasu awa ɗaya da rabi ne. Namu yini guda yake ci, alhali a lokacin shuka yini guda abincin shekara ne.

Abin da ya fi yi mini ciwo, limaminmu ya sha karanta mana hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya kore camfi, har ya ambaci Safar da suna. Ina sahun gaba nake jin karatun, amma na fifita tsorona a kan cikin iyalina.

Na nemi gafarar ƙanena gaban mahaifiyarmu, ya yafe. Awakin matata har yau ban gama mayar mata ba.