Daren da na kwana da janareta

Daminata ta biyu a Kumasi, hadari ya taso bayan isha'i, aka ɗauke wuta. Tsoron ɓarayi ya sa na jawo janareta cikin zaure, na rufe ƙofa. Can tsakar dare uwargida ta tashe ni, kanta na sarawa, autanmu yana amai. Da ƙyar muka kai waje. A asibiti aka ce mana iskar gubar injin ba ta da wari, cikin barci take kisa.

Yanzu da na hango hadari, sai in caja wayoyi da fitilu. Janareta kuwa yana waje ƙarƙashin rumfa, mita 6 daga taga, ɗaure da sarƙa. Ba na zuba masa fetur sai ya huce.

'Yan'uwa, injin da aka sace kasuwa na mayar da shi. Ɗa fa?