Ƙarfe sha ɗaya ne ke faɗin gaskiyar karin kumallo

Na yi shekaru ina koyarwa a Maraɗi kafin in taɓa kwana a otel. Tarurrukan ƙara wa juna sani ne suka fara fitar da ni, kuma tun daga nan na ɗauki wata ɗabi'a: duk abin da aka ba ni da safe, sai in lura ƙarfe nawa zai kai ni.

A Yamai an taɓa sauke mu a wani babban otel wanda ba zan iya biya da aljihuna ba. Teburi ya cika maƙil: burodin Faransawa mai laushi da zaƙi, kankana, abarba, ruwan lemu, ƙwai. Ido ya ruɗe ni, na bar ƙwan na bi kayan zaƙi. Kafin sha ɗaya cikina ya fara kuka, mai jawabi yana magana ni kuwa ina kallon agogo.

A Kwatano, ƙaramin otel ne mai araha. Rabin burodi, ɗan man shafawa, Nescafé da madara, shi ke nan. Al'adar da Faransa ta bar mana ce, babu bambanci da ƙananan otel ɗinmu. Kuɗin ba ɗaya ba ne da na Yamai, amma yunwar a lokaci ɗaya ta zo.

A Akara kuwa masaukin ko shayi ba ya bayarwa. Na fito bakin titi na tarar da layi gaban wata mata mai kunun gero da citta, ga ƙosai a gefe. Mutanen Ghana suna kiransa Hausa koko, wato da sunanmu ake sayar da shi. Da ƴan canji na sha na ƙoshi, ban sake tuna abinci ba sai azahar.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Farin burodi da sukari suna saurin narkewa, su ba ka ƙarfi na ɗan lokaci su sake ka. Gero da wake kuwa a hankali suke tafiya.

Abin da ya fi damuna shi ne na san wannan ƙarfe sha ɗayan a ajina. Shi ne lokacin da kawuna ke sauka kan tebur. Akwai yarinyar da na sha yi wa faɗa a kan lalaci, sai daga baya na tambaye ta abin da ta ci. Dala goma aka ba ta, ta sayi alewa. Har yau ina jin kunyar faɗan nan.

Na san akwai gidajen da rumbu ke ƙarewa tun kafin damina, kuma ba su nake zargi ba. Amma iyaye da yawa suna da ɗumamen tuwo ko kunu a gida, sai su miƙa wa yaro kuɗi don ya fi sauƙi. A daure a zaunar da shi ya ci kafin ya ɗauki jaka. Mu kuma malamai, kafin mu ɗaga murya a kan wanda ya kifa kai, mu fara tambayarsa: me ka ci yau da safe?