Hanyar iska a cikin akwatin kwamfuta

Wanda ya haɗa kwamfutar tebur da hannunsa yakan ƙarar da kuɗinsa da tunaninsa a kan furosesa da katin hoto, ya bar zancen fanka zuwa ƙarshe kamar wani abin ado. Alhali kusan duk wutar da kwamfuta ta sha zafi take komawa. Katin RTX 4090 na kamfanin Nvidia shi kaɗai yana iya cin wat 450, furosesa mai ƙarfi kuma yakan haura wat 200 idan aiki ya yi nauyi. Wannan zafi duka a cikin akwati guda yake taruwa. Idan bai samu mafita ba, na'urar takan kare kanta ta hanyar rage gudu: furosesan Ryzen 7000 na AMD sukan tsaya a digiri 95 na ma'aunin Salsiyas, yawancin na Intel kuma a digiri 100. Mai kwamfutar ya biya kuɗin sauri, amma zafi ya hana shi morewa.

Maganin wannan shi ne a shata wa iska hanya guda, ta shiga da sanyinta, ta bi ta kan abubuwan da ke zafi, ta fice. Duk wanda ya taɓa zama a zaure da rana ya san bambancin ɗaki mai ƙofa biyu da mai ƙofa ɗaya. Tsarin ATX da kamfanin Intel ya fitar a 1995, wanda har yau akasarin akwatuna ke bi, ya ajiye furosesa a sama ta wajen baya. Saboda haka tsarin da aka fi amincewa da shi mai sauƙi ne: fankokin gaba da na ƙasa su jawo iska ciki, na baya da na sama su fitar da ita. Gaskiya ne iska mai zafi sama take yi, sai dai ƙarfin tashinta bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da na fanka. Duk da haka babu dalilin yin jayayya da ita.

Kuskure na farko yakan faru tun wajen ɗaurawa. Fanka tana da fuska biyu. Fuskar da ke buɗe ita ke shan iska, wadda ke da sandunan da suka riƙe injin kuma ta nan iskar ke fita. Da yawa suna da 'yan kibiyoyi a gefe masu nuna alkibla. Akwai kuma waɗanda aka ƙera da fuka-fukai a juye don kyan gani, don haka ya fi aminci a kunna fanka a kara mata 'yar takarda mai laushi a ga inda za ta karkata. Fankar da ke kan ƙarfen sanyaya furosesa ita ma dole ta bi sahu, ta tura iska zuwa baya. In ta fuskanci gaba, sai ta yi karo da iskar da ke shigowa, zafi ya yi ta kewaya a tsakiya.

Kuskure na biyu ya fi ɓoyuwa. Wani yakan cika saman akwati da fankoki uku masu fitarwa, yana ganin ya kyauta. Amma wadda ke can gaba, dab da fankokin shiga, takan wawure iska mai sanyi ta fitar da ita tun ba ta kai ga furosesa ba. Cire ta ko barin gurbinta a rufe yakan fi amfani. Haka ma akwatin da aka toshe gabansa da gilashi, aka bar 'yan siraran kafofi a gefe: ko fankoki nawa aka jera a bayan gilashin, numfashinsu a sarƙe yake.

Sai batun da ya fi shafar mazauna ƙasar Hausa, wato ƙura. Idan iskar da ake fitarwa ta fi wadda ake shigarwa, akwatin yakan cike giɓin da kansa, yana zuƙo iska ta kowace ɓaraka da kowane rami, inda babu raga mai tacewa. Idan kuwa ta shiga ta ɗan rinjayi ta fita, ragowar ce ke hurowa waje ta waɗannan ramukan, kusan duk abin da ya shigo kuma sai ya bi ta raga. A ƙasashe masu ƙarancin ƙura ana iya muhawara a kan wanne ya fi. A Kano ko Damagaram, inda iskar hunturu ke kwaso ƙura daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tun daga Nuwamba har wajen Maris, tsari na biyu ne ya dace. Ƙura idan ta kwanta a tsakanin siraran ƙarafan sanyaya takan zame musu bargo, ta hana iska ratsawa.

Ƙidayar fankoki kaɗai ba ta isa a gane wanne ɓangare ya rinjaya, domin raga tana rage ƙarfin fankar da ke bayanta. Biyu a gaba da biyu a baya ba kunnen doki ba ne, masu fitarwa ne ke kan gaba. Shi ya sa uku a gaba da ɗaya a baya, ko da ƙarin ɗaya a sama ta wajen baya, ya zama mafari mai kyau. Gwajin kuma ba ya buƙatar wata na'ura. A kunna turaren tsinke, a kai shi kusa da ramukan baya da ba su da fanka. In hayaƙin ya kauce waje, lissafi ya yi daidai. In akwatin ya shanye shi, sai a ƙara gudun na gaba ko a rage na baya a cikin saitin BIOS, abin da fankoki masu haƙora huɗu, waɗanda ake kira PWM, suka fi sauƙaƙawa.

Akwai kuma iyakar da fanka ba ta tsallakewa: ba ta iya sanyaya komai ƙasa da zafin ɗakin da take ciki. Masu gwajin kayan kwamfuta a Turai da Amurka galibi a ɗaki mai digiri ashirin da 'yan kai suke aunawa. In zafin ɗaki ya ƙaru da digiri 15, na furosesa ma kusan haka zai ƙaru. Tsarin da ya wadatar a Landan na iya gazawa a Sakkwato cikin watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40. Mai haɗa kwamfuta a nan yana da hujjar zaɓen akwati mai raga a gaba da fankoki masu faɗin milimita 140, waɗanda ke tura iska daidai da na 120 a gudu mafi ƙanƙanta, da ƙarancin ƙara.

Ragowar aikin na kulawa ne. Akwati ya fi samun lafiya a kan tebur, nesa da ƙasa inda ƙura ke taruwa, da tazara tsakaninsa da bango. In na'urar rarraba wuta tana shan iska ta ƙasa, ajiye akwatin a kan kafet toshe mata hanci ne. Raga tana son wanki ko kakkaɓa akai-akai, musamman da hunturu, kuma sai ta bushe sarai kafin a mayar. Wajen hure ƙura daga ciki, a cire wuta tukuna, a dafe fuka-fukan fanka da yatsa don kada iska ta juya su fiye da kima. Wanda ya riƙe wannan zai tarar da kwamfutarsa a watan Afrilu tana aiki da saurin da ya biya kuɗinsa.