Zufar Landan da Zufar Gummi

A unguwar da nake zaune a gabashin Landan, mutane kan biya kuɗi duk wata don su je gidan motsa jiki su yi gudu a kan inji, su ɗaga ƙarafa. Ban ga laifinsu ba, domin gidajensu sun daina neman ƙarfinsu. Ruwa na hawa har bene na biyar ta famfo, inji ke wanki, inji ke wanke-wanke, gari a niƙe yake zuwa, cefane ma sai a latsa waya a kawo bakin ƙofa. Mutum sai ya wuni bai yi abin da zai sa numfashinsa ya ɗaga ba.

A garin nan aka fara gano illar haka da hujja. A 1953 wani likita, Jeremy Morris, ya kwatanta direbobin bas masu bene da kwandastocinsu, ya ga kwandastan da ke hawa da sauka a matakala duk yini bai cika kamuwa da ciwon zuciya kamar direban da ke zaune ba. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya na shawartar baligi ya motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, kuma ta ce aikin gida ma yana cikin lissafi. Shi ya sa mujallun nan ba sa gajiya da rubuta yawan kalorin da shara ko goge tagogi ke ƙonawa.

Minti 150 a mako! Can gida, matar ƙauye a ƙasar Bukkuyum kan cika shi tun hantsi bai dubi ludayi ba. Dubi surfe kaɗai. Za ta yayyafa wa gero ruwa a turmi, ta gyara tsayuwa, ta ɗaga taɓarya da hannu biyu har sama da kai, ta sauke ta da nauyin kafaɗa da ƙugu. In su biyu ne a turmi ɗaya sai su yi ta lugude, wannan na ɗagawa waccan na saukewa, har dusa ta saki. Sai bakace, sai wanki, sai daka da tankaɗe, sannan a duƙa gaban murhu a tuƙa tuwon gida guda da muciya. Kafin wannan duka an ja guga a rijiya, an share tsakar gida a sunkuye. Babu gaɓar da ta huta. Ranar da na ba gwaggona da ke Gummi labarin gidajen motsa jikin nan ta waya, shiru ta yi, can ta ce, "Ɗiyata, ashe zufa ma saye ake yi a ƙasar taku?"

Amma raina na sosuwa in na ji ’yan uwanmu mazauna waje suna yabon wannan rayuwa kamar wata ni’ima da muka yi sakaci da ita. Baturiyar da ta gama gudu ita ta zaɓi lokacinta, ta ci ta ƙoshi, in gwiwa ta yi ciwo ta huta. Matar Bukkuyum ba ta zaɓa ba. Da tsohon ciki take daka, da goyo take jan ruwa. Jarka mai lita 20 kilo 20 ce a kan wuya, safe da yamma, shekara da shekaru, kuma bayan ne ke biyan bashin daga baya. Hayaƙin murhu na shiga ƙirji. Mai neman rage ƙiba kalori yake son zubarwa, ita kuwa sau da yawa abin da ta ƙona ya fi abin da ta ci, a yankin da tamowa ke cika ɗakunan yara a asibitoci. Yanzu ga ’yan bindiga: zuwa daji neman itace ya zama saida rai.

Kuma ba za mu manta da 2010 ba. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Sunke, Yargalma da Bagega, an riƙa kawo duwatsun zinare cikin gidaje ana farfasawa, ana niƙawa, ana shanyawa inda yara ke rarrafe. Duwatsun na ɗauke da gubar dalma. Ƙurar ta kwanta a ƙasa da kwanukan abinci, aƙalla yara 400 suka rasu, kuma sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Aiki ne na ƙarfi a cikin gida, wanda duk mai ƙirga kalori zai yaba, ga kuwa abin da ya haifar.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne cikin gari. A Gummi, Anka da Gusau injin niƙa ya karɓi aikin turmi, mai ruwa na turo kura har ƙofa, babur ya maye tafiyar ƙasa, mai hali ta ɗauki ’yar aiki. Alhamdu lillahi, wannan sauƙi ne, ina kuma fatan ya kai kowane ƙauye. Sai dai shinkafa, taliya da lemon kwalba sun shigo tare da zaman, hawan jini da ciwon suga na biye. Hanyar da Turawa suka bi muke bi, alhali matar aure da ke kulle ba ta da wurin motsa jiki na mata, ba kuma za ta fita gudu a titi ba. Tsakar gidanta ce filinta. Irin wannan, kada ta sakar wa ’yar aiki komai: ta riƙe shara, wankin hannu da dakan yaji, ta zaga gida da sauri bayan Asuba.

Don haka shawara ɗaya ba za ta yi wa matar ƙauye da matar gari ba. Ina so ma’aikaciyar lafiya a asibitin Anka ko Gummi, in ta auna jinin mace, ta tambaye ta yadda take wuni da abin da take ci. Wata a ce ta tashi ta kama tsintsiya, wata kuwa a kira mijinta a gaya masa ya biya kuɗin niƙa har ta haihu ta yi arba’in.